Doya a Kujerar Gaba

Hanyar Gwada ta yanzu ba ta san wannan hawan ba. An yanke tudun, an zuba kwalta, direbobin yau suna wucewa ko giya ba sa canjawa. A zamanin da nake magana jar ƙasa ce, kuma a gindin tudun akwai wata 'yar gadar katako a kan rafi. Gadar ba ta son gudu. Dole ka lallaɓa ka haye ta, kana sauka kuma hawa ya tare ka, ba ka da ko taku ashirin da za ka ɗauki ƙarfi. Manyan motocin doya ma sai sun yi nishi a wurin. Tawa kuwa ƙarama ce, kuma ta tsufa tun kafin ta zo hannuna.

Ni akawun awo ne a lokacin, a ɗakin ajiyar kaya na tashar jirgin ƙasa ta Minna. Aikina in tsaya a bakin sikeli, leburori su ɗora buhu, in duba, a sauke. Gyaɗa, ƙwarar kaɗanya, doya, wani lokacin fatu. Na daɗe a kan wannan aiki har idona ya koyi awo. In aka ɗauko buhu daga nesa nakan faɗi nauyinsa kafin ya taɓa sikeli, kuma da wuya in kuskure da fiye da laba biyu. Leburori kan kira abokansu su zo su gwada ni. Ina jin daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Shekarar da muka yi aure, matata ta kawo mini abincin rana tasha. Ta tarar sikeli ba kowa, sai ta ajiye kwano ta hau da wasa. Ƙaƙƙarfar mace ce, 'yar gona, doguwa. Na duba: laba ɗari da hamsin da biyu. Wani tsohon lebura ya ce, "Akawu, wannan kayan ina za a aika shi, Kano ko Ikko?" Ta ce, "Baba, an riga an karɓi wannan, ba ya zuwa ko'ina." Aka yi dariya, ta sauka. Wannan lambar ta zauna mini a kai, kamar yadda lambobi suke zama mini.

Motar na same ta ne daga wani malamin makarantar mishan da zai koma ƙasarsu, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Baƙa ce, ƙofa biyu, in ka buɗe bonet za ka ga fili ya fi injin yawa. Matata ce ta sa mata suna Gwaggo, wai don tana tari da safe kuma ba ta son a hanzarta ta.

A unguwar Fadikpe ta Minna muke zaune, amma matata 'yar wani ƙauye ce kusa da Gwada, mahaifiyarta kuma tana can. Sau uku ko huɗu a shekara mukan je, kuma muna da tsarinmu a wannan hawan. Da mun haye gada sai ta sauka. Tana da wani dutse da take ajiyewa a gindin ɗorawar da ke bakin rafi, mai faɗi a ƙasa, mai tsini a gefe ɗaya. Ta ɗora shi a kafaɗa, yadda matanmu suke ɗaukar kaya, ta bi bayan mota. Inda Gwaggo ta gaza, sai matata ta tokare taya da shi, in tayar da inji, in ba shi wuta, in saki kuloci, mu ƙara gaba. Haka har sama, inda wata kaɗanya take. A nan take ajiye dutsen. Ranar komowa ta sa shi a ƙarƙashin ƙafarta mu sauko da shi, ta mayar da shi gindin ɗorawa. Ba ta taɓa ƙorafi ba. In ta kai sama tana haki takan ce, "Akawu, ni da Gwaggo wa ke ɗaukar wani?" Da yarenmu muke magana a gida, amma in za ta zolaye ni sai ta juya Hausa.

Ciwon matata ya fara ne a shekarar ƙarshe ta yaƙin basasa. Abinci ya daina zama mata a ciki. Mun yi ta zuwa asibiti, a ba da magani, ta ɗan ji dama, ya dawo. Ƙanwarta ta zo daga ƙauye ta zauna da mu. A wajenmu jinyar mace aikin mata ne: wanka, tayarwa, kwantarwa, duk ƙanwar ke yi. Ni in na dawo daga aiki in shiga in gaishe ta, in zauna a kujera, in ba ta labarin tasha. Kullum tana cikin zane biyu da suwaita, ta ce sanyi take ji. Na ga fuskarta ta faɗa, ba zan ce ban gani ba. Amma na ce a raina kowane majinyaci yana ramewa, na bar maganar a nan.

A ƙarshen damina likita ya kira ni gefe ya ce, "Ka kai ta gida wajen danginta ta huta." Na ɗauki maganar yadda ya faɗe ta. Na ce hutu, iskar ƙauye, abincin uwa. Da na gaya mata, ta ce dama abin da take so ke nan, ta ga mahaifiyarta kafin a gama haƙar doya.

Sai maganar hawa ta taso. Babbar motar kasuwa ba ta yiwu mata ba, a kan kaya ake zama, ga girgiza. Na ce in mun kai gada, ni ko ƙanwarta wani ya goya ta zuwa sama, sannan in dawo in hau da mota. Ta ce, "Gonakin da ke dama da hagu na mutanenmu ne. Sau nawa suka gan ni ina hawan tudun nan da dutse a kafaɗa? Ba za su gan ni a bayan wani ba. In Gwaggo ba za ta hau da ni ba, a bar tafiyar."

Ban yi mata gardama ba. Washegari na kai motar unguwar Shango, a bakin gari.

Akwai wani dattijon makaniki a can, Banufe, mutumin Bida, garejinsa inuwar mangwaro biyu ne da akwatin ƙarfe. Baba nake kiransa, shi kuma ya kira ni Akawu. Lokacin kayan gyara sun yi wuya, da yawa daga cikin waɗanda suka san irin waɗannan motoci kuma sun bar gari. Ya saurari injin, ya saurari labarina, ya ce, "Sabon fistin babu, ko a Kaduna ba na jin za ka samu. Ƙarfin da ba a ƙera injin nan da shi ba, ba ni da shi da zan ba ka. Amma wanda yake zubarwa a hanya, wannan za mu iya tsintowa." Sannan ya ce akwai dabara mai sauƙi: ribas ta fi giya ɗaya ƙarfi, in juya motar in hau da baya.

Na kai mata wannan shawara. Ta ce, "Garinmu zan shiga da baya? Ka gaya wa Baba na gode."

Da na gaya masa ya yi dariya har ya goge ido. Ya ce, "To, uwargida ta yanke hukunci. Kawo sifana."

Ya fara da abin da ya kira numfashi. Ya cire tukunyar tace iska, ya nuna mini: baƙin man da ke cikinta ya zama taɓo, ragar ta toshe. Ya ce, "Kai ma a toshe maka hanci a ce ka hau tudu." Muka wanke ragar da kananzir, muka zuba sabon mai daidai layi. Ya kwance kafireta, wato inda fetur ke haɗuwa da iska, ya busa 'yan ramukanta da baki, bai yarda a sa waya ba, ya ce waya tana faɗaɗa rami, motar ta koma shan mai ba ƙarfi. Sai ya koma kan wuta. Fulogi huɗu, ya kankare su, ya daidaita bakinsu. Ya goge kwantak, 'yan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa su aika wuta, ya auna tsakaninsu da kwalin taba. Daga nan muka fita wani ɗan hawa a bayan Shango, yana juya mararrabar wutar kaɗan kaɗan, in hau, in dawo, ya ƙara. Da injin ya fara wani ƙyas-ƙyas kamar an kaɗa tsakuwa a gwangwani, sai ya mayar da ita baya da ɗan kaɗan ya ɗaure. Ya ce wuta in ta makara asara ce, in ta yi gaggawa kuma ɓarna ce, kunne ne kawai ke gane tsakani.

Ni kuma na kawo nawa ilimin. Na ce ba za mu gwada mota wofi ba, sai da nauyin da za ta ɗauka. Muna da doya a gida da surukata ta aiko. Na kai su tasha lokacin hutun rana, na auna laba ɗari da hamsin da biyu cif. Doya ashirin da uku ne, da wata ƙarama da na ƙara don cikawa. Na zuba su a buhu biyu, na ɗora a kujerar gaba, na ɗaure da igiya. Baba ya dube su ya ce, "Sannu da zuwa, uwargida."

Ranar Asabar da sassafe muka tafi gwaji na farko, Baba a kujerar baya. A gada ya sauka, na nuna masa dutsen. Ya rungume shi a ciki da hannu biyu, ya ce, "Wannan mace ke ɗauka?" Na ce a kafaɗa ma. Ya girgiza kai. A da Gwaggo ba ta kaiwa wani suri da ke tsakiyar hawan sai an tokare ta sau ɗaya, ko da ni kaɗai ne a ciki. Ranar nan ta kai surin da doya a ciki kafin ta mutu. Na yi murna. Baba ya iso yana haki, ya tokare taya, ya ce, "Rabi ba gida ba ne. Sai mun buɗe kai."

Buɗe kan inji aikin kwanaki ne, ni kuma ba ni da lokaci sai bayan tashi daga aiki. Don haka muka cire kan a Shango, na ɗauko shi a keke zuwa gida, Baba ya biyo ni da yamma don ya nuna mini. Gawayi ya daskare a ciki kamar ƙanzon tukunya. Muka kankare shi da guntun itace mai kaifi don kada a ji wa ƙarfen rauni. Sai bawul, 'yan murafun da ke buɗe wa iska hanya su rufe. Baba ya ɗaga ɗaya a rana ya nuna mini bakinsa duk ya yi ramuka. Ya ce ta nan ƙarfina yake tsiyayewa. Maganin shi ne a shafa wani man goge mai yashi-yashi a bakin, a kafa sanda mai roba a kai, a murza ta tsakanin tafin hannu, a ɗaga, a juya, a sake murzawa, har bakin ya yi sumul ya zauna daram.

A ranar, matata ta ce a fito da ita tsakar gida. Ƙanwarta ta shimfiɗa mata tabarma a jikin bango. Tana kallona ina fama da sandar, tana suɓuce mini. Can ta ce, "Baba, wannan mutumin bai taɓa burga miya ba. Miƙo mini."

Na ce ta huta. Ta ce, "Motata ce ita ma."

Baba ya matsar mata da kan injin a kan wani katako, ya kafa mata sandar. Ta ja hannun suwaita sama kaɗan, ta sa sandar tsakanin tafukanta, ta fara murzawa kamar maburgi. Sautin ya fito daidai, shuu-shuu, ba tsalle. Baba ya ce, "Ka gani, Akawu? Shekara talatin ina koya wa maza abin da ke cikin kowane madafi." Ta yi dariya. Bawul ɗaya ta gama, ta fara na biyu, sai ta tsaya ta jingina kai da bango, ta ce in ƙarasa, ta nuna mini hanya. Ni idona yana kan bakin bawul ɗin, ina mamakin yadda ya yi zobe fari mai kyau. Ban dubi hannunta ba. Baba ya daina wasa daga nan. Da zai tafi ya durƙusa ya yi mata sallama mai tsawo, ya ce Allah ya ba da sauƙi, ya ja kekensa har waje kafin ya hau.

Da muka mayar da kan, muryar Gwaggo ta canja. Tarin safe ya ragu. A gwaji na biyu ta wuce suri, ta sha kwanar da ke gaba da shi, ta mutu a inda hawan ya fi tsayuwa. Daga nan ana hango kaɗanya.

Sauran abin da ya rage ƙanana ne, muka bi su ɗaya ɗaya. Muka kwance salansa, muka ƙona ta a wuta, muka bubbuga, toka baƙa ta zubo kusan mudu. Na ce ko mu cire ta gaba ɗaya, na ji direbobi suna cewa yana ƙara ƙarfi. Baba ya ce, "Ƙara yake ƙarawa. Majinyaciya za ka ɗauka." Ya ɗaga motar ya juya tayoyi da hannu, ya gano birkin gaba na hagu yana ɗan kamawa, ya sassauta shi. Muka ƙara wa tayoyi iska. Muka cire kujerar baya, muka sa tabarma. Ya ce safaya taya da jak da duk wani kaya a sauke su a gada, ƙanwar ta tsaya da su, in na kai matata sama in dawo in kwasa. Fetur kuma rabin tanki ya isa. Ya ce kowace laba da ka sauke, kamar ka ƙara wa injin ne.

Gwaji na uku ma Asabar ce da sassafe, iska da sanyinta, lokacin da Baba ya ce inji ya fi jin daɗi. Na haye gada, na danna totur har ƙasa. Suri ya wuce. Kwana ta wuce. Wurin da ta mutu a baya ya wuce. Injin ya fara ja da ƙyar, ina jin kowane bugu a tafin ƙafata, ina yi wa Gwaggo magana kamar jaki. Sai ta mutu. Na taka birki. Da Baba ya tokare taya na fita na auna da ƙafa: taku goma sha ɗaya zuwa kaɗanya.

Muka zauna a bakin hanya. Baba ya daɗe yana kallon buhunan da ke kujerar gaba. Sannan ya ce, "Akawu, rage doyan nan ka sake gwadawa."

Na ce, "In rage in ruɗi wa? Nauyinta ke nan. Ni na auna da hannuna."

Ya ce, "Rage ko takwas."

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce masa shekara goma sha biyar ina kan sikeli ba a taɓa kama ni da ragi ba, ba zan fara a kan matata ba. In na rage yau motar ta hau, ranar tafiya ta tsaya da ita a nan, a gaban mutanen garinsu, me zan ce mata?

Ya ce, "To." Ya tashi ya ɗauki dutsen. A hanyar komowa ya ce akwai abu ɗaya da ya rage, a kai kan injin a ɗan rage masa kauri don matsi ya ƙaru, amma sai an je Kaduna, mako ɗaya ko biyu.

Da na isa gida na gaya mata gaskiya. Na ce saura taku goma sha ɗaya, ta ba ni mako biyu.

Ta ce, "Jibi za mu tafi."

Na ce ba za ta hau ba, na gwada.

Ta ce, "Za ta hau."

"Ta yaya kika sani?"

"Na san Gwaggo, maigida. Ka sauke doyan nan ka ba maƙwabta, sun sha yawo."

Ranar Litinin da sassafe muka tashi. Yaranmu biyu muka bar su wajen yayata. Ina ɗaure kaya a baya, ƙanwar ta fito da ita a hankali ta zaunar da ita a kujerar gaba, ta sa mata matashi. Ta ɗaura sabon ɗankwali, ta sa zanen da take zuwa coci da shi a kan sauran. A hanya ba ta yi magana sosai ba. Tana kallon gonaki, takan ce wannan ya makara da haƙa, wancan kunyarsa ta yi kyau.

A gada muka sauke safaya da jak da kaya. Ƙanwar ta ce kayan ba inda za su, ita za ta bi mu da dutse. Ta ɗora shi a kafaɗa. Na ɗora hannu a kan giya, ban sa ba. Matata ta ce, "Ka tafi mana, ko sai an busa maka usur kamar jirgi?"

Na danna. Muka wuce suri da saurin da ban saba ba. A kwana akwai mutane a gona, suka ɗago, ta ɗaga musu hannu ta taga, wata mata ta kira ta da sunan ƙuruciyarta. Muka shiga wurin da ya fi tsayuwa, ina jiran injin ya fara ja da ƙyar. Bai yi ba. Ya nauyaya kaɗan, ya riƙe. Na ga wurin da na tsaya shekaranjiya, ga alamar dutse a ƙasa, muka taka shi muka wuce. Kaɗanya ta zo, ta koma bayanmu, kuma da sauran ƙarfi a ƙafata.

Na tsayar da mota na bugi sitiyari da tafin hannu. Na ce mata ta gani, aikinmu ya yi, iskar yau ta fi ta Asabar, Baba zai yi mamaki. Na yi ta zuba. Tana murmushi ta ce, "Bawul ɗin da na goga ne." Ƙanwar ta iso da dutsen da ba a buƙace shi ba, ta ajiye shi a gindin kaɗanya. Ba ta yi murna kamar ni ba, na ɗauka gajiya ce. Na zaunar da su a inuwa cikin motar, na sauka da ƙafa na kwaso kayan a sawu biyu, ina waƙa.

Mun isa ƙauye da hantsi. Na tsaya a ƙofar gidan surukata, ƙanwar ta shiga da gudu ta kira ta. Matata ta buɗe ƙofa, ta sauke ƙafa ɗaya, ta gwada tashi, ƙafar ta ƙi. Ta dubi hanya, ba kowa tukuna. Ta ce a hankali, "Ɗauke ni zuwa zaure kafin su fito."

Rabona da in ɗaga ta tun muna amare. Na sunkuya, na sa hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, na shirya ƙarfin da ake shirya wa buhu. Sai ta taso mini kamar kwando. Har na kusa faɗuwa baya. A ƙarƙashin zannuwan nan uku da suwaita babu komai sai ƙashi.

Hannuna ya ba ni lambar nan take, ban tambaye shi ba. Na san ta har yau, ba zan rubuta ta ba. Na tsaya a wurin da ita a hannu, na tuna doya ashirin da uku, na tuna taku goma sha ɗaya, na tuna maganar likita, duk a lokaci ɗaya. Ta ga fuskata. Ta juya Hausa ta ce, "Kada ka faɗa, Akawu. Ba a kawo wannan kayan don awo ba."

Ban faɗa ba. Na kai ta zaure na zaunar da ita a kan tabarma, ta gyara ɗankwali, mahaifiyarta ta fito ta same ta a zaune.

Kwana goma sha tara ta yi. Na aika tasha aka ba ni hutu, na zauna. A kwanakin nan ban bar wa mata ɗaukarta ba, ba wanda kuma ya hana ni. Ta ci sabuwar doya sau ɗaya, loma biyu. An binne ta a bayan gidan, kusa da mahaifinta.

Ni kaɗai na komo. A kan tudu na tsaya a kaɗanya, na ɗauki dutsen, na sa shi a inda ƙafarta take zama. Da na sauko na haye gada ban tsaya a ɗorawa ba. Yana nan a ƙofar ɗakina, jikokina suna zama a kai.

Bayan mako biyu na je Shango. Baba ya riga ya ji, ya zo gida ta'aziyya ina ƙauye bai same ni ba. Ya bar aikin da yake yi, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa. Na zauna. Sannan na ce, "Ta hau, Baba. Ba ta tsaya ba ko sau ɗaya."

Ya ce, "Na san za ta hau."

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya ce, "Ranar da ta ja hannun riga ta kama sandar nan."

Na tambaye shi me ya sa bai gaya mini ba. Ya ɗauki wani fulogi yana juya shi a hannu, ya ce, "Na ce maka ka rage doya. Abin da ya wuce wannan ba bakina ne zai faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba." Can ya ƙara da cewa, "Amma aikin ba banza ba ne, Akawu. Yadda ka kawo mini motar nan, ko ba kowa a kujerar ba za ta kai sama ba. Rabi naka ne."

Na yi shekara uku ina tuƙa Gwaggo bayan wannan, har zuwa lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama, sannan na ba wani ƙanena. Duk lokacin da zan kai yara wajen kakarsu, a gada nakan ce su sauka su bi ni da ƙafa, ko da yake na san za ta iya hawa da su. A tasha kuwa leburori sun ci gaba da kawo abokansu su gwada ni. Ban ƙara faɗin nauyi da ido ba, nakan ce su ɗora a sikeli mu gani.